Inuwar Tsamiya da Mukullin Ladan Sallau

To, ku gyara zama. Kai mai latse-latsen waya, kife ta a cinya, don labarin nan ma da waya a cikinsa, kuma in na kai ƙarshe kai zan fara tambaya. Shari'a ce na kawo muku wadda ta gagari dattawan unguwa guda. Ku buɗe kunne, kada wani ya zo daga baya ya ce mini bai ji farko ba.

Akwai wani gari da ake kira Kwarin Lalle. Na ce akwai, amma yau in kana son ganinsa sai ka nemi kwalekwale, ka kuma iya nutso. Allah Sarki, Kwarin Lalle! Ɗan madaidaicin gari ne a bakin kogi, lungunansa a murɗe, kowane gida da lallensa a bayan ɗaki. A tsakiyar gari ga masallacin ƙasa, a yammacin masallacin kuma ga wata tsohuwar tsamiya da ba wanda ya san wanda ya shuka ta.

Ladanin masallacin shi ne Malam Sallau. Tun yana saurayi yake kiran salla har gemu ya yi fari fat, bai taɓa ɗaura agogo ba. Tsamiyar nan ita ce agogonsa. In rana ta karkata, sai ya zauna a kan buzunsa yana kallon inuwarta tana rarrafowa. Ya san inda take tsayawa da damina, ya san inda take tsayawa da kaka. Da bazara kuwa, da zarar ta taɓa dokin ƙofar masallaci, sai ya miƙe ya sa hannu a kunne, la'asar ta yi. Masu agogo ma da kiransa suke gyara nasu.

Sai aka zo aka datse kogin, aka ce ruwa zai ci kwarin. Aka kwashi mutane a manyan motoci zuwa wani tudu inda aka gina musu gidajen bulo da rufin kwano, a jere reras, babu bishiya ko ta rataya buta. Sunan da hukuma ta sa wa wurin ba wanda ya riƙe, kowa Layi yake cewa. Ranar tashi, Ladan Sallau ya share masallaci tsaf, ya ja ƙyaure, ya datse da kwaɗo, ya rataya mukullin a wuya. Samari na ta dariya ƙasa-ƙasa, wai wa zai shiga masallacin da kifi zai gada? Tsoho bai tanka ba. Daga wannan rana kuma bai ƙara tanka wa kowa ba.

'Yarsa Delu ce ke kula da shi. Mijinta ya riga mu gidan gaskiya, ta dawo gaban mahaifinta, tana sayar da ɗanwake a ƙofar makarantar sakandaren Layi. Da fari ta ɗauka gajiyar ƙaura ce. Sabon masallaci na da lasifika da agogon bango, liman da kansa ya zo ya roƙi tsoho ya ci gaba da kira, tsoho ya dube shi, ya dubi ƙasa. Damina ta wuce, kaka ta wuce, kwanon abinci ya fara komawa yadda aka kawo shi. An kai shi asibiti, likita ya ƙwanƙwasa nan, ya saurari can, ya ce jiki lafiya lau, zuciya ce ta ƙi. An yi rubutu ya sha, an yi addu'o'i. Da bazara ta kama sai ya juya fuskarsa bango, ko kunu sai Delu ta yi da gaske yake kurɓa. Delu ta san abin da take gani. Mahaifinta na tafiya a gaban idonta, ba ta kuma da abin tare shi. Kullum in ta ɗora tukunya a ka za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta saurari numfashinsa, sannan ta wuce tana share hawaye da bakin mayafi.

A wannan bazarar ne malamin zane na makarantar, Malam Tanimu, ya zo da maganar gasa: kowace makaranta ta haɗa ɗan gajeren fim na 'yan tsana masu motsi. Ku 'yan zamani kun fi ni sani, amma bari in faɗa don tsofaffi irina. Ka ajiye 'yar tsana, ka ɗauki hoto. Ka gusa ta kamar faɗin ƙwayar gero, ka sake ɗauka. Haka-haka har ɗaruruwa. In aka jera hotunan aka sake su a guje, sai ka ga abin da ba shi da rai yana tafiya abinsa. Aiki ne na mai haƙurin dafa dutse. Ɗalibai da yawa sun ɗaga hannu, da suka ji yadda abin yake suka zame ɗaya bayan ɗaya, aka bar uku: Safara'u, da Nafi'u, da Ilu wanda ake wa laƙabi da Aku. Dukansu 'yan Kwarin Lalle ne, dukansu kuma masu cin ɗanwaken Inna Delu. Suka ce su garinsu za su yi, yini guda a Kwarin Lalle, daga fitar mata rijiya har ladan ya fito kiran la'asar.

Ta farko, Safara'u, 'yar mai ginin tukwane ce, hannunta ya san yumɓu tun kafin bakinta ya san karatu. Ta ce ita ba za ta gina garinsu da jar ƙasar Layi ba. Zafin bazara ya sa ruwa ya ja baya, sai ta bi ƙanin babanta masunci har bakin tsohon ramin da uwarta ke haƙar yumɓu, ta cika daro, ta ɗauko a ka, tafiyar da sai da tafin ƙafarta ya yi bororo. Kan tsamiyar nan ma yana nan ya leƙo saman ruwa a bushe, ta sa aka karyo mata reshe guda. A kan wani tsohon ƙyaure ta gina garin, lungu-lungu, duk daga ka. Ga rijiya, ga maƙera, ga gidan mai fura, ga masallaci. Ta kafa reshen tsamiya a yammacinsa, ta liƙa masa ganye da ƙaro, tana cirewa tana sake kafawa, tana auna tsayi da nisa da ɗan yatsa har sai da ranta ya ce mata haka yake. Mutanen garin ta yi su da yumɓu da kara da tsumma. Babanta ya ce bai yarda ta yi musu fuska ba, ta bar su ba ido ba baki, amma duk ɗan garin da ya leƙa sai ka ji ya ce, "Kai, ga wane!" Wata rana Delu ta leƙo ta tagar ajin da tukunyarta a ka, ta ga wani ɗan tsoho mai kafaɗa ɗaya a sauke, da guntun ƙarfe rataye a wuya. Ta ja da baya da sauri, ranar ba ta ma san yadda ta ƙarasa sayar da ɗanwaken ba.

Na biyu, Nafi'u, shi ne mai ɗauka, da wayar yayansa wadda fuskarta duk ta tsattsage. Yaro ne mai taurin kai, in ya kafe ya kafe. Kafin Malam Tanimu ya yi wata tafiya, sai da ya ja musu kunne: a yi aikin a cikin aji, a rufe tagogi, a kunna fitila guda, don kada haske ya riƙa canzawa. Suka gwada. Ina! Wutar lantarki ba ta zuwa Layi sai ta ga dama, da fitilar ƙwai kuma hotunan suka fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Nafi'u ya ce shi fa ba zai ƙarar da caji a duhu ba alhali ga ranar Allah a waje. Ran Asabar da sassafe suka ciccibi ƙyauren suka fito da shi filin makaranta. Ya nuna inda za a ajiye, Safara'u ta ce sai an juya. "Ko na wasa ne, masallaci ba ya ba gabas baya," in ji ta. Suka yi ta juyawa har ya fuskanci alƙibla daidai. Ta kuma ce yumɓun ba zai jure rana biyu ba, yau ɗin nan za a gama ko a yi asara. Nafi'u ya kife turmi, ya ɗaure wayar a kai da robar tayar keke, ya durƙusa. Gusa, ɗauka. Gusa, ɗauka. Rana ta take, kun dai san ranar bazara. Sauran biyun suna gudu gindin katanga su sha inuwa su dawo, shi ko ya ƙi ɗagawa, wai in ya tashi zai manta ƙafar da jakin yumɓu ya ɗaga. Azahar kaɗai ta tashe shi. Delu ta kawo masa ruwa daga gida tana cewa, "Ɗan nan, so kake ka kashe kanka a kan 'yan tsana?" Ya sha, ko ɗagowa bai yi ba. Daidai sa'ad da ɗan tsohon yumɓu ya iso ƙofar masallaci ya ɗaga hannuwa zuwa kunne, lasifikar Layi ta kira la'asar. Nafi'u ya ɗauki hoton ƙarshe, ya miƙe, jiri ya kwashe shi. Sai da ya kwanta jinya.

Na uku, Ilu Aku, bai iya gini ba, bai iya ɗauka ba, bakinsa shi ne jarinsa. Ba muryar da ba ya kwaikwaya, ya sha bulala a kan kwaikwayon shugaban makaranta har ya saba. Shi aka ba aikin sa sauti. Ya yi carar zakara, ya yi kukan jaki, ya yi luguden mata, da ƙarar guga a rijiya, da tallar mai fura, har da tarin mai unguwa. Da aka zo wurin kiran salla sai ya ja bakinsa ya tsuke. Nafi'u ya ce, "Kai Aku, yi mana, ai ka fi kowa iya muryar Baba Ladan." Ilu ya ce, "Na iya. Amma mai kiran nan yana raye, ba zan ari bakinsa in ci masa albasa ba." Suka yi, suka yi, ya ƙi. Aka bar wurin shiru.

Malam Tanimu ya dawo, aka kunna masa, ya riƙe baki. "Wa ya ce ku fita rana?" Ashe abin da idonsu bai lura da shi ba a filin, waya ta lura. Yini guda ya dunƙule cikin abin da bai kai minti biyu ba, inuwoyi kuwa sai gudu suke. Da farko dogaye sun miƙe yamma, suka janye, suka shige ƙarƙashin gidaje, suka ɓullo ta gabas, haske na ta ƙyaftawa. Malam ya ce alƙalan gasa ba za su karɓi wannan ba, kuma gaskiyarsa. Safara'u ta fashe da kuka ta ce a goge, kada a ga abin kunyar. Nafi'u, da ya san shi ya jawo, har ya kai ɗan yatsa zai goge. Ilu ya fizge wayar. "Ku ba ni aronta zuwa gobe," in ji shi. "Akwai wanda ya kamata ya ga kansa tukuna."

Kashegari da hantsi Delu ta ji sallama, ta fito ta ga Ilu. Da ta ji abin da ya kawo shi, ta tare ƙofa. "Ilu, ka rufa mini asiri. Mutumin da liman ma bai juyo ya kalla ba? Kar ka je ka fama masa ciwo." Ilu ya ce, "Inna, in bai kula ba zan fito, ba abin da ya ragu." Sai ta kauce ta ba shi hanya. Ya shiga ya durƙusa ya gaida tsoho, ba a amsa ba. Bai roƙe shi ya juyo ba. Ya miƙa hannu ta samansa, ya jingina wayar a jikin bangon da tsohon yake kallo, daidai saitin idonsa, ya kunna.

Delu na tsaye a bakin ƙofa. Zakara ya yi cara. Guga ya faɗa rijiya. Ta ga ɗan yatsan mahaifinta ya motsa a kan tabarma. Mai fura ta wuce da tallarta, mai unguwa ya yi tari, amma daga inda take tana ganin idon tsoho ba ya kan mutane, yana kan tsamiya. Inuwar ta janye, ta taru a gindin bishiya, ta ɓullo ta gabas, ta fara rarrafowa. Tana matsowa, tana matsowa, har ta taɓa dokin ƙofar masallaci. Ɗan tsohon yumɓu ya ɗaga hannuwansa zuwa kunne. Sai shiru.

Jama'a, Delu ta ce ita ba ta taɓa jin shirun da ya kai wannan nauyi ba. Tsoho ya dogara gwiwar hannu ya tashi zaune. Ya dafa bango ya miƙe. Ya sa hannu a kunne. Muryar ta fara fita a shaƙe, sannan ta buɗe: "Allahu Akbar! Allahu Akbar!"

Kun san al'adarmu, in aka ji kiran salla ba a kan lokaci ba, to gobara ce ko wani tashin hankali. Nan da nan Layi ya hautsine, maza suka fito a guje da bokitai, mata na salati. Da suka iso ƙofar gidan suka gane muryar, sai tsofaffin Kwarin Lalle suka ajiye bokitan suka zauna a ƙasa suna kuka wiwi. Tsoho ya kai kiransa ƙarshe, ya juyo ya ce, "Delu, la'asar ta yi, ba ki ba ni ruwan alwala ba?" Ta ce, "Baba, ai hantsi ne." Ya leƙa tsakar gida, ya daɗe yana duban ranar. "To, in hantsi ne, ina kununa?" Wallahi Delu sai da ta zubar da rabin kunun a hanya saboda sauri.

Fim dai haka aka aika da shi, don yumɓu ya riga ya tsattsage, ba damar sakewa. Ko na goma bai zo ba. Ladan Sallau kuwa ya tashi, ya yi shekaru yana kiran salla a Layi, ya shuka tsamiya a yammacin sabon masallaci, ya ga ta fi shi tsawo kafin Allah ya karɓi abinsa.

Yaran nan uku suka zo gaisuwa, sun zama manya. Safara'u na koyar da zane, ga goyo a baya. Nafi'u na ɗaukar fim a birni. Ilu na aiki a gidan rediyo. Da masu gaisuwa suka watse, Delu ta shimfiɗa musu tabarma, ta jefa musu ɗanwake kamar da. Ashe Nafi'u na nan da tsohon fim ɗin. Suka haɗa kai a kan waya suna dariya har da hawaye. Ga babban yatsan Nafi'u ya faɗo tsakiyar kasuwa, ga kaza ta leƙo kai ta saman maƙera ta fi gidan girma, ga jaki ya shiga lungu da ƙafa huɗu ya fito da uku. Safara'u ta ce, "Har yau in na ji ƙanshin jiƙaƙƙen yumɓu, sai in ji kamar daron nan yana kaina." Nafi'u ya ce, "Yanzu ina da fitilu kala-kala, in ce wa haske tsaya, ya tsaya. Amma wallahi ban ƙara ɗaukar abin da ya kai ɓataccen nan ba." Ilu ya ce, "Ni da surutu ne sana'ata, aikin da na fi so a rayuwata shi ne wanda na yi shiru." Suna cikin haka inuwa ta taɓa dokin ƙofa, ɗan tsohon yumɓu ya ɗaga hannuwa. Dariya ta ɗauke. Su huɗun suka zauna suna jira, wannan karon ba wanda ya cike wurin.

Delu ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da mukullin, igiyarsa ta yi baƙi saboda gumin shekaru. Ta ce ana gobe zai rasu ya cire shi daga wuyansa ya damƙa mata, ya ce, "Wannan kada a sa shi a rabon gado. Cikin yaran nan uku, ki ba wanda ya dawo da ni." Ta ce, "Wanne, Baba?" Ya ce, "Ke ma ai kina wurin." Bai ƙara komai a kan maganar ba. Ta ajiye mukullin a tsakiyar tabarma. Ba wanda ya miƙa hannu, amma ta dubi idanunsu ta ga kowa na so. Mukullin ba ya buɗe ƙofar komai yanzu, sai dai duk duniya shi kaɗai ya rage na masallacin Kwarin Lalle. Ita kuma amana ce a wuyanta, tana tsoron ta ba wanda ba shi mamaci yake nufi ba.

Ta kai maganar gaban dattawa, suka rabu uku. Wasu suka ce na Safara'u ne. Da ba ta kafa tsamiya a mazauninta ba, da ba ta nace masallaci ya dubi gabas ba, da inuwa ta faɗa wani wuri, tsoho bai ga agogonsa ba. Aka ce musu ai ita ce ta fara cewa a goge.

Wasu suka ce na Nafi'u ne. Da ya bi maganar malam aka yi a aji, ina inuwar da za ta motsa? Shi ne kuma ya gasu a rana har ya faɗi. Aka ce musu ai taurin kai ya yi, Allah ya gyara, kuma shi ma yatsansa ya kai kan gogewa.

Wasu suka ce na Ilu ne. Shi ya bar wa tsoho gurbin muryarsa, shi ya hana a goge, shi ya kai har gaban idonsa. Aka ce musu ai gumin wasu ya ɗauka ya kai, bai murza yumɓu ba, bai sha rana ba, da ba a gina an ɗauka ba, me zai jingina a bango?

Har yanzu da nake gaya muku, mukullin na nan ƙulle a bakin zanen Delu, ita ma tsufa ya kama ta, tana so ta sauke amanar kafin a kira ta. Ni dai nawa ya ƙare, saura naku. Kai mai waya, da kai na ce zan fara. Wadda ta gina, da wanda ya ɗauka a rana, da wanda ya yi shiru ya kai, wane ne a cikinsu ya dawo da Ladan Sallau? Wa Delu za ta ba mukullin?